Tsakanin Tafinta da Fassara: Yadda Ake Tayar da Tsohon Wasan Na'ura a Kwamfutar Zamani

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayani a kan wata fasaha da ta bunƙasa daga shekarar 2019, watau yadda ake ɗauko wasan da aka rubuta domin wata na'ura ta musamman, a sa shi ya yi aiki a kwamfuta kai tsaye, tamkar dama can dominta aka yi shi. Wataƙila wani ya ce me ya haɗa taron malamai da wasan yara. To, shi wasan nan rubutu ne, kuma tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce a wurin manazarta: yaya ake ceton rubutu idan abin da ke karanta shi ya mutu?

Duk wanda ya zauna a garuruwan yammacin Kano, irin su Getso da Gwarzo da Kabo, ya san shagunan gem inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation. Ya kuma san da yawansu a waya suke bugawa, ta hanyar manhajar PPSSPP wadda ta fito a 2012, domin ta sa wasannin na'urar PSP su yi aiki a wata na'ura dabam. Abin da yaran ke yi, ko sun san sunansa ko ba su sani ba, shi ake kira kwaikwayo. Daga nan za mu faro.

2.0 Hanyar tafinta

Kowace na'ura tana da ƙwaƙwalwa, kowace ƙwaƙwalwa kuwa da harshen da take ji. Alal misali, Nintendo 64, wadda ta fito a Japan a 1996, tana da ƙwaƙwalwa samfurin MIPS da ma'ajiya mai megabait 4 kacal. Kwamfutar da ɗalibinmu zai saya a titin Beirut a Kano kuwa harshen Intel ko AMD take ji. Idan aka miƙa mata kaset ɗin Super Mario 64, daidai yake da a miƙa wa wanda bai yi allo ba takardar ajami.

Manhajar kwaikwayo tafinta ce, irin wanda kan tsaya tsakanin Di'o da hakimi a zamanin En'e. Wasan ya faɗi umarni, tafinta ya juya, kwamfuta ta aikata. Tafinta mai wayo yakan haddace abin da ya riga ya juya don kada ya maimaita, amma duk da haka yana nan a zaure, kuma sai an ciyar da shi. Wannan ne ya sa waya ke zafi, caji ke zuba. Hanyar ta daɗe, domin tun 1999 manhajar UltraHLE ta nuna wasannin Nintendo 64 a kwamfuta.

3.0 Hanyar warwara

Hanya ta biyu ita ce a sallami tafinta, a fassara littafin gaba ɗaya. A nan ne wahalar take. Masu shirya wasa sukan rubuta shi da harshen da ɗan Adam ke iya karantawa, kamar harshen C, sa'an nan wata manhaja, wadda za mu kira majuyi, ta niƙe rubutun ya koma lambobin inji. Lambobin ne ke cikin kaset. Rubutun asali yana kulle a wurin kamfani. Wajen niƙan kuma sunayen abubuwa da bayanan da marubuci ya sa a gefe duk sukan zube. Saboda haka mai son ya dawo da rubutun asali kamar mai son ya mai da tuwo dawa ne.

Duk da haka an yi. A 2019 wasu masu sa kai suka fitar da rubutun Super Mario 64 da suka warware. Abin da ya kamata manazarci ya lura da shi shi ne ma'aunin da suka ɗora wa kansu. Ba su yarda da cewa wasan ya yi kama da na asali ba. Sai da suka nemo ainihin majuyin kamfanin Silicon Graphics da aka yi amfani da shi a wancan zamani, suka riƙa rubuta kowane sashe suna niƙawa suna gwadawa, har abin da ya fito ya dace da na cikin kaset, lamba da lamba, babu ragi babu ƙari. Malamanmu masu tahakikin rubutun hannu za su gane wannan aiki, sai dai su ba su da alƙalin da zai ce musu kwafinsu ya dace ɗari bisa ɗari. Sa'a ma ta taimaka, domin bugun Japan da na Amurka na wannan wasa an niƙa su ba tare da an sa majuyi ya taƙaita lambobin ba, don haka sawun rubutun asali bai ɓace sosai ba. Wasan Ocarina of Time na 1998 ya ci wa masu warware shi kusan shekara biyu, suka kammala a Nuwamba 2021.

Samun rubutu kuwa rabin tafiya ne. Dole a cire duk wuraren da wasan ke magana da sassan tsohuwar na'ura, na hoto da na sauti da na abin riƙewa, a maye su da na kwamfuta. Akwai kuma ƙananan tarkuna. Nintendo 64 tana jera lamba daga babban gefe, Intel kuwa daga ƙaramin gefe, kamar bambancin ajami da boko wajen inda ake fara layi. Wanda ya manta da wannan sai ya ga hoto ya dagule. Haka kuma Ocarina of Time hotuna 20 yake nunawa a sakan ɗaya, kuma da wannan ƙidaya yake auna lokaci. In aka ce ya nuna 60 kai tsaye, sai kowa a cikin wasan ya kama gudu ninki uku. Dabarar da aka yi ita ce a bar lissafin wasan yadda yake, a riƙa zana hotunan cike giɓi a tsakani. Da irin wannan aiki Super Mario 64 ya hau kwamfuta a 2020, Ocarina of Time kuma a Maris 2022, da sunan Ship of Harkinian.

A Mayu 2024 wata gajeriyar hanya ta bayyana, mai suna N64Recomp, wadda ke juya lambobin inji zuwa harshen C da kanta. Da ita aka tayar da Majora's Mask na shekarar 2000. Wasan yana gudu sarai, amma rubutun da ke fitowa babu mai karanta shi ya ƙaru. A ganinmu, ga mai wasa riba ce. Ga malami da ɗalibi kuwa warwarar hannu ta fi, domin ita ce ke barin littafi a baya.

4.0 Batun haƙƙin mallaka

Ba don nishaɗi kaɗai ake wannan wahala ba. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka sayar a can kafin 2010 ba sa kasuwa. Mu ma mun san irin wannan asara: finafinan Hausa na zamanin kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, wa ke da bidiyon da zai kalle su yau?

Amma fa wasan yana da mai shi. Wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke a 2000, a shari'ar Sony da Connectix, cewa binciken cikin na'ura don a yi mata makwaikwayi bai saɓa doka ba. Duk da haka a 2024 masu manhajar Yuzu suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4, suka rufe. Shi ya sa masu warwara ba sa raba hotuna da sautin wasa. Rubutu kawai suke bayarwa, kowa ya kawo nasa kwafin. A Nijeriya ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan adabi.

Wannan sharaɗi yana da nauyi a wurinmu, domin Nintendo 64 ba ta yi kasuwa a ƙasar Hausa kamar PlayStation ba, kuma da wuya ɗalibi daga Getso ya sami kaset ɗinta na asali. Malamin da ke son ya koyar da wannan darasi ba tare da ya taka doka ba yana iya farawa da Doom na 1993. Wasan kwamfuta ne tun asali, amma kamfanin id Software da kansa ya saki rubutunsa a 1997, akwai kuma Freedoom da ke ba da hotuna da sauti kyauta, kuma tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaji ta isa ta niƙa shi ta kuma tayar da shi.