Rini da Ɗinki: Zaure da Jami'a a Birnin Kano

Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya san rini ba ya son gaggawa. Mai rini zai tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake mayarwa, haka dai har launi ya ratsa kowane zare. Amma ko shuɗin ya kai yaya, ba a shiga taro da ƙyalle. Sai ya je hannun tela, ya auna, ya yanka, ya ɗinka, sannan a kira shi riga. Haka nake kallon karatun zaure da na jami'a a Kano: ɗaya rini, ɗaya ɗinki.

Marinar ilimin Kano tsohuwa ce. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso daga Mali da addini a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma unguwar Madabo ta zama matattarar masu karatun fiƙihu. A zamanin Muhammadu Rumfa, Shehu Maghili ya sauka a garin, har ya rubuta wa sarki littafi kan yadda ake riƙon jama'a da adalci. Tun daga nan ba a naɗe tabarmar karatu ba, har zuwa zaurukan irin su Malam Muhammadu Salga, Malam Atiku Sanka da Shehu Nasiru Kabara.

Dubi yadda ake karatun. Bayan sallar asuba ɗalibi zai zauna gaban malam da littafinsa. Ya karanta Larabci, malam ya fassara masa da Hausa kalma bayan kalma, yana amsawa da "na'am". Layi biyar ko shida sun isa karatun yau. Sauran ɗalibai suna zaune suna saurare, don haka kafin mutum ya kai ga babban littafi ya riga ya ji shi a bakin na gaba da shi. Daga Ahalari sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, har a kai Muhtasar. Babu ƙararrawa, babu ranar gamawa. Tela da ɗan kasuwa da dattijo mai furfura duk sahu ɗaya suke. A wannan tsomawa da ɗagowa ne ladabi yake shiga jiki tare da karatu, domin ɗalibi yana ganin yadda malam yake karɓar baƙo, da yadda yake raba gardama, da yadda yake cewa "Allahu a'alamu" idan aka kawo abin da ya fi ƙarfinsa.

Jami'a kuwa awo ta iya. Tana da manhaja, da zango, da jarrabawa, da ranar yaye ɗalibai. Tana tilasta wa ɗalibi ya rubuta da hannunsa, ya kawo hujja, ya gwada maganar wannan malami da ta wancan, ya tsaya gaban masana ya kare kundinsa. Ta buɗe wa mata ƙofa fiye da yadda zaure ya saba. A ƙarshe ta ba shi takardar da kotu da ma'aikata suke ganewa.

Abin da mutane suke mantawa shi ne, a Kano shagon telan nan a bakin marina aka fara kafa shi. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai, aka ɗauko malamai daga Sudan. A 1947 ta zama Makarantar Koyon Larabci. A cikin harabarta aka fara Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. Ashe jami'ar ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce.

Shi ya sa raina juna tsakanin ɓangarorin biyu yake damuna ƙwarai. Akwai mai digiri a fannin addini da bai taɓa sauke littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe gaban malami ba. Rigarsa ta ɗinku, amma wankin farko launi zai zuba. Akwai kuma wanda ya shafe shekaru ashirin a zaure, ya san nahawu da rabon gado kamar yunwar cikinsa, amma babu ofishin da zai ɗauke shi aiki saboda ba shi da takarda. Wannan asara ce ga garin baki ɗaya.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Jami'o'in Kano su samar da jarrabawar da za ta auna malamin zaure ta ba shi shaidar da ta dace da iliminsa. Su gayyaci manyan malamai su karantar da littattafan nan yadda suka karɓe su. Su taimaka wa gidajen malamai wajen adana rubuce-rubucen hannu da gara da damina suke ci. Iyaye kuma, idan yaro ya samu gurbi a jami'a, kada su bari ya ajiye Risalarsa. Lacca sai ƙarfe takwas ake farawa, malam kuwa tun asuba yana kan buzunsa.