Abincin Farko na Jariri: Gaskiya da Jita-jita a Ikara, Makarfi da Kudan

Ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, waɗanda ke arewacin Jihar Kaduna tsakanin Zariya da iyakar Kano, suna cikin wuraren da Allah ya hore wa albarkar noma, domin masara da dawa da waken suya da gyaɗa da tumatir da rake suna fita daga gonakinsu da fadamunsu zuwa kasuwannin nesa. Duk da haka ana samun yaran da suka rame ko suka tsumbure a gidajen da rumbunsu cike yake, kuma binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, adadin da ya kai kashi 57 a Arewa maso Yamma. Talauci yana da babban kaso a wannan al'amari, amma akwai kason da ke wuyan maganganun da ake gada daga kaka zuwa uwa, ko a ji su a gidan suna, ko a tsince su a waya. Mafi yawansu suna ɗauke da guntun gaskiya, shi ya sa kawar da su yake da wuya.

Magana ta farko ta shafi lokaci. Ana cewa jariri yana jin ƙishirwa, musamman a zafin bazara, don haka hana shi ruwa rashin tausayi ne, ana kuma cewa yawan kukan ɗan wata uku ko huɗu alama ce ta nono ya kasa, sai a haɗa masa da koko. Ƙishirwar gaskiya ce, maganin da ake ba ta ne kuskure, domin kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma gwargwadon yadda jariri ke tsotso gwargwadon yadda nonon ke kawowa. Idan aka cika masa ciki da ruwa ko koko sai tsotsonsa ya ragu, nonon ya ja baya, sannan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan su samu hanya. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawararta a kan nono zalla har wata shida, in ban da magani ko rigakafin da ma'aikacin lafiya ya bayar, amma binciken na 2018 ya samu kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran ƙasar a kan wannan tsari. Akwai kuma masu jinkirta abinci zuwa wata takwas ko tara bisa hujjar cewa yaron yana ƙoshi da nono, alhali sinadarin ƙarfe da aka haife shi da shi, wanda jiki ke haɗa jini da shi, yana ƙarewa ne wajen wata na shida, kuma nono kaɗai ba ya cike gurbinsa daga nan.

Inda aka fi yin asara, kuma inda aka fi ƙarancin lura, shi ne kaurin kunu. Fahimtar da ta yaɗu ita ce hanjin jariri bai yi ƙwari ba, saboda haka sai a tsinka koko ya zama ruwa-ruwa, a tace shi, a zuba a bulumboti. Cikin ɗan wata shida kuwa bai wuce ƙaramin kofi ba, kuma idan aka cika shi da tsinkakken koko yaron zai yi shiru ya yi barci, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali abin da ya shiga cikinsa mafi yawa ruwa ne da ɗan gasara. Gwajin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa mai sauƙi ne: a ɗebi kunun a cokali a karkata shi, idan ya tsiyaye nan take ya yi ruwa da yawa, idan ya tsaya ya zame a hankali to ya yi daidai. Ana farawa da cokali biyu zuwa uku, sau biyu ko uku a rana, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi, sannan daga wata tara a koma sau uku zuwa huɗu tare da abinci mai ɗan gudaji wanda yaro zai koyi tauna da shi, domin barin sa a kan mai laushi kaɗai har ya shekara yakan sa ya ƙi abincin gida daga baya.

Kaurin kaɗai bai isa ba sai da haɗi, kuma mafi yawan kayan haɗin ana noma su a wannan yanki. Garin da aka fi sani da Tom Brown ba komai ba ne illa hatsi da waken suya da gyaɗa da aka soya aka niƙa tare, kuma awon da ya shahara shi ne shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Dole waken suyan ya soyu sosai a kuma cire ɓawonsa, saboda ɗanyensa yana ɗauke da sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin, wato sinadarin gina jiki. Ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa yana ƙara wa kunu ƙarfi ba tare da ya ƙara masa yawa ba, garin zogale ko dafaffiyar kabewa ko dankali mai jan ciki kuma suna kawo bitamin A. Kofi da cokali su ne kayan aikin, domin bulumboti yana da wuyar wankewa, ɗura kuwa, wato toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu ta tafin hannu, tana iya tura abinci cikin huhu ta jawo ciwon da kan yi ajali, kuma babu uzurin da ya isa ya halasta ta.

Cewar ƙwai yana koya wa yaro sata ko yana jinkirta masa magana ba ta da tushe ko kaɗan, kuma abin takaici ne a ce gidan da ke kiwon kaji da zabbi ya kai ƙwan kasuwa ya bar ɗan wata bakwai da gasara. Dafaffen ƙwai da hanta da kifin da aka cire wa ƙaya da niƙaƙƙen nama suna cikin abin da ya fi dacewa tun daga wata na shida. Gargaɗin da ake yi a kan gyaɗa kuwa yana da ɓangare na gaskiya: ƙwayar gyaɗa guda tana iya shaƙe ƙaramin yaro, don haka niƙaƙƙiya ake ba shi. Babban haɗarinta shi ne afulatoksin, gubar da wata irin fumfuna ke saki a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba kafin a adana su, wadda ke lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wannan ya sa tsince ruɓaɓɓu da motsattsu da waɗanda suka canza launi kafin a kai niƙa wajibi ne, kuma ragowar gyaɗar da aka tsince ta fi araha a kasuwa ne saboda dalili. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda manoma ke watsawa a gona domin rage wannan guba tun daga tushe.

Abincin gwangwani yana da jita-jita iri biyu masu karo da juna, domin wasu na ganin shi ne alamar gata kuma ya fi na gida, wasu kuma na cewa guba ce zalla. Ingantacce, mai lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, wanda wa'adinsa bai ƙare ba kuma murfinsa bai taɓu ba, ana iya ba yaro shi, kuma yawanci an ƙara masa sinadarin ƙarfe da bitamin. Sai dai tsadarsa takan sa a riƙa tsinka shi domin ya daɗe, a nan kuma duk fifikonsa ya tafi, wanda ake ƙullawa a leda ba tare da suna ko kwanan wata ba kuwa babu mai iya tabbatar da abin da ke cikinsa. Zargin ƙarin sukari a cikin irin wannan abinci ma gaskiya ne, domin a Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Siwizalan ta wallafa rahoton da ya nuna cewa abincin jarirai na Cerelac da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya yana ɗauke da ƙarin sukari, alhali irinsa a wasu ƙasashen Turai ba ya ɗauke da shi, kamfanin da ke yin sa kuma ya ce yana bin dokokin ƙasashen da yake ciniki. Ƙarin sukari bai dace da jariri ba, kuma hukuncin ɗaya ne ga mazarƙwailar Makarfi, wadda kasancewarta ta gida bai hana ta zama sukari ba. Zuma, duk da darajarta a addini da magani, ba a ba wanda bai cika shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke tsira a hanjin jariri ta saki guba mai shanye jiki har ta kai ga numfashi.

Ana kuma danganta gudawa da zazzaɓin ɗan wata shida zuwa tara da fitar haƙori, har a ce a bari zai wuce. Haƙori yana kawo ƙaiƙayin dasashi da dalala da rigima, amma ba ya kawo gudawa mai tsanani, abin da ke faruwa shi ne fitarsa ta zo daidai da lokacin da yaro ya fara rarrafe, yana kai komai baki, yana kuma shan kunun da aka dama tun safe ya wuni a ajiye. Abincin da ya wuce awa biyu a buɗe sai an sake tafasa shi, hannun mai bayarwa da na yaron kuma sai an wanke su da sabulu. Neman maganin haƙori ya taɓa jefa ƙasar nan cikin makoki, domin a ƙarshen 2008 wani ruwan magani mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadarin dayetilin gilaikol mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84, kuma Jihar Kaduna na cikin inda abin ya shafa. Abin da gudawa ke buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa sha huɗu, a ci gaba da nono da abinci, a garzaya asibiti idan ido ya faɗa ko yaron ya kasa sha.

Saura batun shan ciki, wato imanin cewa da zarar mai shayarwa ta samu juna biyu nononta ya lalace, sai a yaye yaron rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Nonon mai ciki ba ya cutarwa, ko da yake yakan ragu kuma ɗanɗanonsa ya canza, kuma in ba likita ya ga wata matsala a cikin ba, uwa tana iya ci gaba da shayarwa muddin tana samun isasshen abinci. Ramar da ake gani bayan irin wannan yaye tana zuwa ne daga raba yaro da nono da uwa a lokaci guda, kafin ya saba da abinci mai kauri. Shekara biyu da addinin Musulunci ya ambata ga mai son cika shayarwa ita ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai, kuma inda larura ta tilasta yaye kafin nan, ana rage nonon ne sannu a hankali cikin makonni, ana ƙara yawan abinci da ƙwai da dafaffiyar madara a madadinsa.