Tankin da Aka Juye Ya Fi Haɗari

Idan rani ya kama a Miga, mai walda ba ya rasa aiki: injin ban ruwa ya tsage, amalanke ta karye, tankin babur na yoyo. A bakin rumfunan masu walda ne ake yawan jin cewa wai tankin da aka juye man cikinsa ba ya kama wuta.

Ba haka ba ne. Tururin fetur ne ke fashewa idan ya gauraya da iska, kuma tankin da aka juye shi ne ke cike da wannan haɗin. Ɗauraya ɗaya ba ta korar abin da ya maƙale a lunguna da cikin tsatsa. Masu cewa a wanke shi sosai, a cika shi da ruwa har dab da inda za a yi waldar, a bar bakinsa a buɗe, su ne suka fi kusa da gaskiya. Jigawa ta ga aikin fetur a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Ba walda ce sanadi a can ba, amma man iri ɗaya ne da na tankin babur.

Ana kuma cewa tartsatsi kan mutu kafin ya taɓa ƙasa. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, cewa ta yi a kawar da duk abin da ke cin wuta har tazarar mita 11. A garin da zana da harawa da karan dawa ke jingine ko'ina, ga iskar hunturu, wannan ƙa'ida ba ta yi yawa ba. Tartsatsi kan shige ƙaiƙayi ya yi ta ci a ɓoye, shi ya sa ake so wani ya tsaya gadin wurin aƙalla awa ɗaya bayan an gama.

Ruwa fa, idan wuta ta tashi? Yaɗa wutar fetur yake yi, a kan kabayid ɗin masu waldar gas kuwa ƙara gas ɗin yake. Bokitin yashi ya fi, idan kuma waldar lantarki ce a fara kashe janareta.

Gargaɗin da tsofaffin masu walda ke yi wa yaransu, cewa kada a taɓa kan tukunyar oksijin da hannu mai maiƙo, shi kam gaskiya ne. Giris ko baƙin mai na iya kamawa da kansa idan oksijin mai ƙarfi ya buge shi, ko babu tartsatsi a kusa.