Hoto Kafin Tayi: Kayan Aikin da Dillalan Duwatsu Masu Daraja Ke Bukata a Keffi

KEFFI, Jihar Nasarawa — Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga cikin Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, ake haƙo duwatsu masu daraja a wannan shiyya. An fi sanin Keffi da tomalin, dutsen da fatake kan kai Jos, daga can kuma ya nufi Bankok ta ƙasar Tailan ko Idar-Oberstein ta Jamus, inda ake yanka shi a goge. A da, sai mai saye ya ɗaga dutse ga hasken rana kafin ya yi tayi. A yau hoton da aka aika ta waya ne ke riga dutsen isa, a kansa kuma ake buɗe ciniki.

To, a nan gizo ke saƙar. Karat biyar giram ɗaya ne kacal, kuma tomalin mai wannan nauyi bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, alhali kuɗinsa yana cikin launinsa da kuma 'yan tsage-tsagen da ke ɓoye a cikinsa. Wayar hannu takan ƙara wa launi armashi ba tare da an sa ta ba. Shi kansa tomalin launinsa kan canza gwargwadon gefen da aka dube shi. Idan kaya suka isa aka tarar sun saɓa wa hoto, sai a karya farashi ko a dawo da su, dillali ya yi asarar kuɗin aike da amincewar abokin ciniki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba jari a kan kyamara mai tsada. Gilashin da ke gabanta ne ke yin aikin. Wanda ya dace shi ne gilashin ɗaukar kusa mai awon 1:1, wato wanda ke kama abu daidai da girmansa na zahiri. Mai milimita 90 zuwa 105, irin na Tamron ko Canon ko Nikon, yana barin tazara tsakaninsa da dutsen, don haka inuwar kyamara ba ta tare haske. Tsohuwar kyamara ta hannu mai irin wannan gilashi ta fi sabuwa dal marar shi. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa yana iya sayen zoben da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashin da yake da shi, ya sami kusanci da kuɗi kaɗan.

A irin wannan kusanci, wurin da ke fita tangaran bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, numfashin mai ɗauka ma ya isa ya ɓata hoto. Saboda haka tilas ne a ɗora kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku.

Sai batun haske. Ƙwan lantarki mai rawaya yana jirkita launi. Hasken taga da aka tace da farin ƙyalle ya fi faɗar gaskiya, ga shi ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Yana da kyau a ajiye rula a gefen dutse, a ɗauke shi ta fuska uku, ɗaya da haske ta bayansa domin cikinsa ya bayyana.

Wasu kan shafa wa ɗanyen dutse mai ko ruwa domin tsaga ta ɓuya. Manyan masu saye sun daɗe da sanin wannan dabara, shi ya sa sukan nemi a sake aiko da hotonsa a bushe.