Kiwon Kajin Gida: Yadda Za Mu Rage Asara Kafin Hunturu

Da wuya ka shiga gida a ƙauyukanmu ba ka ga kaza tana tono a tsakar gida ba. Kaza ita ce asusun talaka. In yaro ya kwanta rashin lafiya, ko an kore shi daga makaranta saboda kuɗin littafi, kaza ake kamawa a kai kasuwa. In baƙo ya zo, ita ake yankawa. A yawancin gidaje kuma kajin na mata ne da yara, don haka kuɗin da ke fitowa daga gare su yakan tafi kai tsaye ga cefane da bukatun iyali.

Amma kowa ya san abin da ke faruwa kusan kowace shekara. Mace za ta yi ta fama tun damina har kajinta su kai 20 ko 30. Da sanyin hunturu ya shigo, sai ta wayi gari ta tarar da biyu sun mutu, gobe biyar, kafin mako ya zagayo akurki ya zama kango. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki wannan a matsayin abin da ba makawa. Gaskiyar magana ita ce yawancin asarar nan ana iya hana ta, kuma ba da kuɗi mai yawa ba.

Cutar da ke share akurki

Cutar da ta fi kashe kajin gida ita ce wadda ake kira fakat a wurare da yawa. Likitocin dabbobi suna kiranta cutar Niyukasul, sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta a shekarar 1927. Alamunta sanannu ne. Kaza takan tsaya shiru tana gyangyaɗi, fukafukanta sun sauka kamar ta yafa zane. Takan yi zawo kore, tana buɗe baki tana neman numfashi. Wasu wuyansu kan murɗe, su riƙa juyawa wuri ɗaya. A garken da ba a yi wa rigakafi ba, cutar tana iya kashe fiye da rabi, wani lokaci ma duka.

Ƙwayar cutar tana fita ta kashi da majinar kazar da ta kamu. Tana bin ruwan sha, da kwandon da aka ɗauko kaji, da takalmin mutum. Ta fi yaɗuwa a lokacin hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Wannan kuma shi ne lokacin da kaji suka fi yawo: ana saye da sayarwa domin Kirsimeti da Sabuwar Shekara, ana kai kyauta gidan surukai, ana tara kaji daga gidaje daban-daban ranar godiyar kaka. Zakara ɗaya mai araha da aka sayo a kasuwa ya isa ya kawo cutar ga unguwa duka. Sau da yawa ma arahar tasa ita ce alama, domin mai shi ya ga kajinsa sun fara mutuwa ne ya yi sauri ya kai sauran kasuwa.

Ba ta da magani, amma tana da rigakafi

Mukan jiƙa barkono, ko ɓawon maɗaci, ko gautan kaji, wasu kuma su fasa kafso na mutane su zuba a ruwan sha. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kashe ƙwayar fakat. Kazar da ta tashi bayan an ba ta, ƙarfin jikinta ne ya tashe ta. Kuɗin kafso kuwa asara ce a kan asara.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi. Akwai wani iri da ake kira I-2, wanda masana a ƙasar Ostireliya suka samar musamman domin kajin ƙauye. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa. Ya fi sauran jure zafi, don haka ana iya kai shi ƙauyen da ba firji, muddin an naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen ƙyalle, an sa a kwando mai shan iska, an kuma kare ta daga rana. Ba a bukatar allura. Ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, ga babbar kaza da ɗan tsako duka.

Ga abubuwan da ya kamata a kiyaye:

- A yi rigakafin kamar wata ɗaya kafin lokacin da cutar ta saba zuwa. A yankinmu, watan Oktoba ya dace. Jikin kaza yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sami kariya.
- A maimaita bayan kowane wata 4, domin kariyar tana raguwa, ga kuma sababbin 'yan tsaki.
- Kada a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Rigakafi ba ya warkarwa.
- A rufe kajin tun da dare, a yi aikin da sassafe a inuwa.
- In an haɗa maganin da ruwa, a yi ƙoƙari a ƙarar da shi a ranar.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya. Ban da haka, in ke kin yi maƙwabciyarki ba ta yi ba, cutar za ta ci gaba da zama a unguwa. Shi ya sa aikin nan na haɗin kai ne. Zumuntar mata ko ƙungiyar matasa za ta iya tara kuɗi kaɗan a kan kowace kaza, ta zaɓi mutum biyu su je wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma su koyi yadda ake yi, sa'an nan a sa rana ɗaya ga kowa. A gayyaci dukan maƙwabta, ko da wane addini suke bi, domin kaji ba su san iyakar gida ba.

Baƙuwar kaza da mushe

Duk kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta, a ware ta ita kaɗai har mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Wadda aka kai kasuwa ba a saya ba, ita ma haka. Kazar da ta mutu da ciwo kada a jefar da ita a bola, inda kare zai ja ta zuwa wani gida. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone.

Akwai wani dalili kuma. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a wata gona a Jihar Kaduna cikin Fabrairu 2006, ta sake ɓullowa a 2015 da kuma 2021. Alamunta suna kama da na fakat, rigakafin I-2 ba ya hana ta, kuma tana iya kama mutum: a 2007 an tabbatar ta kashe mace ɗaya a Legas. Saboda haka in kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada a bar yara su taɓa, a sanar da malamin dabbobi nan da nan.

'Yan tsaki

Asara ta biyu ba ta da hayaniya, shi ya sa ba mu cika lissafa ta ba. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 a zubi ɗaya, ta kwanta a kansu kwana 21. A ce ta ƙyanƙyashe goma. In muka sake su suna bin uwarsu cikin raɓa da ciyawa, nawa ne ke kai girma? Shirwa da shaho su ɗauki nasu, muzuru da ɓera su ɗauki nasu, sanyi da yunwa su ƙarasa sauran.

Makonni shida na farko su ne masu haɗari. A kife babban kwando mai ramuka a kan uwa da 'ya'yanta, ko a yi musu ɗan shinge mai rufi, a riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta. A ba su tsaki, da dusa, da ɗan garin ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, da yankakken ganyen zogale. Gara kuma abinci ce mai gina jiki ƙwarai. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara take, bayan kwana ɗaya ko biyu a juye musu. Ruwan sha kuwa a zuba a kasko marar zurfi, a sa 'yan duwatsu a ciki don kada su nutse.

Akurki da ƙwai

Kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane. Kashinsu yana jawo wa yara masu rarrafe gudawa. Akurki mai kyau yana da ƙofa da ake rufewa da dare, da ramukan shan iska, da sanda ta hawa. A share shi kowane mako, a kai kashin gona ko lambu, a barbaɗa toka a ƙasa da cikin sheƙa domin rage ƙuma da ƙwarƙwata.

Kaza ba ta iya rufe ƙwai da yawa da kyau. A bar mata 8 zuwa 10, a sa musu alama da gawayi, sauran kuma a dafa wa yara da mata masu ciki. Zancen cewa yaron da ke cin ƙwai zai zama ɓarawo ba shi da tushe. Ƙwai na cikin abinci mafi amfani ga yaro mai tasowa.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. A wane wata kajinmu suka fi mutuwa bara, kuma daga ina cutar ta shigo?
2. Kaji nawa ne a unguwarmu, kuma nawa kowane gida zai iya bayarwa domin rigakafi?
3. Su wane ne za mu aika su koyi ɗiga maganin, kuma wace rana za mu sa kafin hunturu ya shigo?