Sojan da ke hannun abokan gaba: hakkinsa a kan waɗanda ke gida

Idan soja ya faɗi a fagen daga, ƙasa ta san abin da za ta yi masa: a lulluɓe gawarsa da tuta, a yi masa salla, a sauke tutoci, manya su je ta'aziyya. Idan kuma ya dawo lafiya, danginsa sun san nasu: a yanka rago, a yi sadaka, a gode wa Allah. Amma akwai soja na uku, wanda abokan gaba suka yi awon gaba da shi yana raye. Shi babu ranar da aka keɓe masa, babu zaman makoki, babu walima. Gidansa kan zauna tsakanin fata da fargaba wata da watanni, wani lokaci shekaru, alhali sauran jama'a sun koma ga harkokinsu.

Garuruwan da ke bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Gidan Runji zuwa Maraɗi, Cadawa, Agiye da Gazawa, da ƙauyukan da ke kewaye da su, sun daɗe suna ba ƙasa ƴaƴansu. Akwai su cikin soja, da jandarma, da garde, da ƴan sanda, kuma aiki kan kai su Agadas, Difa ko Tilaberi. Saboda haka batun kamammen soja ya shafi manomin gero da aya na Agiye, ya shafi ɗan kasuwar Gazawa, ya shafi ma'aikacin ofis na Gidan Runji. Tarihin ƙasar nan kuwa ya riga ya nuna, har sau uku, yadda irin wannan lamari yake tafiya.

Mazan jiya a sansanonin Jamus

A zamanin mulkin mallaka Faransa ta ɗebi samari daga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinta, har da Nijar, ta sa su soja. A wannan yanki na kan iyaka mutane da dama sun tsallaka ƙasar Ingilishi don guje wa ɗibar soja da aikin tilas. Lokacin da Jamus ta ci Faransa da yaƙi a watan Yuni na 1940, sojojin Jamus sun kashe baƙaƙen sojoji masu yawa bayan sun riga sun ajiye makamai, kamar yadda ya faru a garin Chasselay kusa da Lyon. Waɗanda suka tsira, Jamusawa ba su so a ajiye su cikin ƙasar Jamus ba, sai suka tsare su a sansanoni cikin Faransa kanta. A shekarar 1941 fursunonin da suka fito daga ƙasashen mulkin mallaka sun kai kusan 70.000 a waɗannan sansanoni. Cikinsu har da Léopold Sédar Senghor, wanda daga baya ya zama shugaban Senegal.

Abin da ya riƙe rayukan da yawa daga cikinsu shi ne taimakon talakawa. Matan Faransa sun ɗauki matsayin iyayen goyo ga fursunonin da ba su taɓa sani ba: suna rubuta musu wasiƙa, suna aika musu abinci da tufafin sanyi, wasu ma sun taimaka musu suka gudu. Hukuma kuwa, wadda ita ta kai su yaƙin, ita ce ta ci amanarsu. A ƙarshen Nuwamba na 1944 an sauke tsofaffin fursunoni sama da 1.200 a Dakar, aka kai su barikin Thiaroye. Da suka nemi a biya su albashin shekarun da suka yi a tsare, sai aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba. Rahotannin sojan Faransa na lokacin sun ambaci mutum 35, wasu 70, masana tarihi kuma suna ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a shekarar 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, wato kisan gilla.

Darasin Thiaroye a fili yake: wahalar kamamme ba ta ƙarewa ranar da aka buɗe masa ƙofa. Akwai albashinsa, akwai lafiyarsa, akwai mutuncinsa, kuma idan babu masu tsaya masa, duk ukun suna iya salwanta.

Shekarar 1992: fushi bai saki kowa ba

Bayan babban taron ƙasa na 1991, tawaye ya kankama a arewa ƙarƙashin ƙungiyar FLAA ta Rhissa ag Boula. Ƴan tawayen sun kama jami'an tsaro da dama suka shige da su duwatsun Abzin. Gwamnatin riƙon ƙwarya ba ta da kuɗi, ba ta da ƙarfi, har ma ƙananan sojoji sun yi bore a watan Fabrairu na 1992 kan albashi. A ƙarshen watan Agusta, bayan kisan wani jami'in ƴan sanda a Agadas, ƙananan sojoji suka ɗauki doka a hannunsu. Suka shiga kama Abzinawa, manyan ma'aikata da ƴan siyasa da talakawa, suna cewa ba za su sake su ba sai an sako ƴan uwansu. Hukuma ta amsa cewa mutum 186 ke tsare.

Wannan kame bai dawo da soja ko ɗaya gida ba. Abin da ya haifar shi ne ƙarin gidaje masu kuka da ƙarin samari masu shiga daji. Sai da aka koma ga tattaunawa, aka tsagaita wuta, aka fara sakin waɗanda aka tsare ba tare da shari'a ba, sannan a watan Afrilu na 1993, watan da Mahamane Ousmane ya karɓi mulki, FLAA ta saki mutum 26 da ke hannunta. Daga nan hanya ta buɗe zuwa yarjejeniyar Wagadugu ta Oktoba 1994, da ta zaman lafiya da aka sa wa hannu a Yamai ranar 24 ga Afrilu 1995.

Tazarzait da Tanut

Ranar 22 ga Yuni 2007 ƙungiyar MNJ ta Aghali Alambo ta far wa sansanin soja na Tazarzait, can cikin Abzin. An kashe soja 15, aka kama 72. Gwamnatin Tandja Mamadou ta ce ita ba ta san wani tawaye ba, ƴan fashi ne da masu fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma ba za ta zauna da su ba. An yi jerin gwano na goyon bayan soja a birane. A watan Agusta aka kafa dokar shirin ko-ta-kwana a jihar Agadas, a watan Satumba kuma aka kama ɗan jarida Moussa Kaka bisa zargin hulɗa da ƴan tawaye, ya yi sama da shekara ɗaya a gidan kaso. Labarin arewa ya zama abin da ake yi da raɗa. Ita kanta Maraɗi ta ɗanɗana yaƙin a watan Disamba na 2007, lokacin da nakiya ta tashi da wata mota cikin gari.

A cikin wannan hali, su wa suka kai ga kamammun? Kwamitin ƙasa da ƙasa na Croix-Rouge, wanda aka fi sani da CICR, shi ya shiga duwatsun, ya duba su, aka miƙa masa masu rauni kimanin 30 kwanaki kaɗan bayan harin. Sauran kuwa kashi-kashi aka riƙa sakinsu, galibi ta hanyar shiga tsakanin Libiya. Da MNJ ta kai hari Tanut a watan Janairu na 2008 ta tafi da prefen garin, ta wannan hanya ce ya dawo a watan Maris tare da sojoji sama da 20. An ajiye makamai a Libiya a watan Oktoba na 2009, aka yi afuwa. Shugabannin tawaye sun sami matsayi, sunayensu sun shiga littattafai. Sunayen samarin da suka kwana watanni cikin duwatsu kuwa, iyayensu ne kawai suka riƙe.

Abin da doka ta tanada

Nijar ta amince da yarjejeniyoyin Janeba na 12 ga Agusta 1949 tun a 1964, ta kuma amince da ƙarin ƙa'idojin 1977 a shekarar 1979. Yarjejeniya ta uku ita ce ta fursunonin yaƙi. Ta ce kamamme ba a tilasta shi ya faɗi komai sai sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja. Cikin mako ɗaya da isarsa sansani yana da damar aika kati ga iyalinsa. A kowane wata yana iya aika aƙalla wasiƙa 2 da kati 4, yana iya karɓar kunshin abinci da magani, kuma da zarar faɗa ya ƙare dole a mai da shi gida ba tare da jinkiri ba.

Sai dai waɗannan tanade-tanade na yaƙi ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Yaƙe-yaƙen da sojan Nijar ya yi tun daga 1991 na cikin gida ne ko na ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. A nan abin da ya rage shi ne aya ta 3 da dukan yarjejeniyoyin huɗu suka yi tarayya a kanta: ta hana kisa, azabtarwa, wulaƙanci da yin garkuwa da wanda ya ajiye makami. Ƙungiyoyin da suka kashe soja 71 a Inates a Disamba 2019, da 89 a Shinagodar a Janairu 2020, ba su ɗauki wannan aya a bakin komai ba. Inda doka ba ta da mai tilasta ta, abin da ke kare kamamme shi ne a san yana raye, a san sunansa, a kuma ci gaba da tambayar inda yake.

Gidan da ke jira

Malaman Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan mas'ala. Wanda aka san yana hannun abokan gaba, aurensa yana nan, ba a yi masa takaba, ba a raba gadonsa, kuma daga dukiyarsa ake ciyar da iyalinsa. Hukuncin yana kare hakkin kamamme, amma yana nufin matarsa za ta zauna ba ita ce mai takaba ba, ba kuma mai miji a gida ba. Kuɗin lakwal na yara, takin gona, maganin tsoho da tsohuwa, duk abubuwan da albashinsa ke ɗauka, ba sa jiran a gama sulhu.

Mutanen wannan yanki ba baƙin wannan ciwo ba ne. A ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen Gobirawan Tibiri da Katsinawan Maraɗi da daular Sakkwato, fansar wanda aka kama abu ne sananne, dangi su haɗa dukiya, fatake su kai saƙo. A shekarun baya-bayan nan kuma ƴan bindigar kan iyaka sun sa ƙauyukan Gidan Runji da Madarunfa sun sake koyon wannan karatu: an sayar da shanu da gonaki don karɓo wanda aka sace. A 2019 waɗannan ƙauyuka suka karɓi dubun-dubatar ƴan gudun hijira daga Zamfara, Katsina da Sakkwato, suka raba hatsinsu da su tun kafin a buɗe matsugunan Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Jama'ar da ta iya wannan ba ta buƙatar a koya mata tausayi. Abin da ya rage shi ne tsari.

Fansar soja ba aikin dangi ba ne, aikin hukuma ne, domin ita ta tura shi. Amma riƙon gidansa na kowa ne. Ɗan kasuwa yana iya ɗage bashin da ke kan gidan har mai shi ya dawo. Shugaban lakwal yana iya tabbatar da cewa ba a kori yaro saboda kuɗi ba. Ma'aikacin ofis yana iya hanzarta takardar da matar soja ta zo nema, maimakon ya ce mata sai da sa hannun mijinta. Hakimi da liman suna iya sa gayya ta nome gonarsa da damina. Waɗanda ke ba da gudummawa ga asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoba 2023 suna da hurumin tambayar kason da ke zuwa ga iyalan kamammu da ɓatattu. 

Akwai kuma abin da ya kamata a bari. Hoton kamamme da abokan gaba suka watsa don farfaganda, wanda ya tura shi gaba a wayar salula ya taya su aiki, ya kuma ƙara wa uwa ciwo. Haka nan gorin da ake yi wa wanda ya dawo, a ce don me bai mutu tare da sauran ba, zalunci ne a kan mutumin da harsashi ya ƙare masa ko rauni ya kayar da shi.

Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Kamamme yana rayuwa ne da tabbacin cewa a Agiye, ko Gazawa, ko Gidan Runji, ba a manta da shi ba, kuma yaransa sun ci tuwon dare. Allah Ya kuɓutar da duk wanda ke tsare, Ya mai da kowa gidansa lafiya.