In jirgin ƙasa ya zo Ƙonni, ina za a kafa tasha?

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, masu sauraronmu na gida da na ƙetare ke tambayarmu: mu fa ƴan Ƙonni, yaushe? Wannan layi mai tsawon kilomita 284 zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Namu kuwa, an daɗe ana maganar wanda zai taso daga Zariya ya bi Ƙauran Namoda, Sakkwato da Illela ta Najeriya har ya shigo Birnin Ƙonni, amma har yanzu yana kan takarda. Dogon da Turawa suka shimfiɗa ya tsaya Ƙauran Namoda tun 1929, ko Sakkwato bai kai ba.

To, kafin jirgi ya iso, akwai tambayar da ta kamata mu fara yi: tasha a cikin gari, ko a bayan gari?

Mu duba Abuja. Jirgin Kaduna da aka buɗe a 2016 yana tsayawa Idu, nesa da tsakiyar birni, a Kaduna kuma Rigasa. Fasinja ya sauka, sai ya sake biyan kuɗin mota, ga kaya, ga yara. Ƙaramin jirgin cikin gari da aka buɗe a 2018 shi ya haɗa Idu da tsakiyar Abuja. Shi ma ya tsaya a 2020 lokacin korona, sai a watan Mayun 2024 ya koma aiki.

Yamai ta bi wata hanya daban. Kamfanin Bolloré ya shigar da dogo har cikin birni, aka ƙaddamar da tasha a 2014, layin ya kai Dosso a 2016. Amma rikicin shari'a kan ɓangaren Benin ya hana a haɗa shi da Parakou, jirgin bai taɓa fara jigilar jama'a ba. Ƙarfen ya zauna a tsakiyar titi, masu mota da masu babur suka yi ta fama da shi.

Me ya sa injiniyoyi ke son bayan gari? Fili ya fi araha, ba rusa gidaje, ba diyya mai yawa, kuma jirgi ba ya iya yin kwana kamar mota, yana son miƙaƙƙiyar hanya. Amma tashar da ta yi nisa da kasuwa, talaka ne ke biyan kuɗin nisan kullum.

A nan yankinmu abu biyu ne. Albasar Galmi da simintin Malbaza kaya ne masu nauyi, wurin lodinsu ya fi dacewa da bayan gari, inda manyan motoci za su samu wurin juyawa. Mai zuwa kasuwa ko asibiti kuwa, tasha kusa yake so, inda kabu-kabu zai kai shi da ƴan kuɗi kaɗan. Ana iya raba su: tashar kaya daban, ta mutane daban.

Shi ya sa muke cewa magadan gari da sarakunanmu su tanadi fili tun yanzu, kafin gine-gine su cinye shi, kuma duk wanda dogo zai ratsa gonarsa a zauna da shi tun farko. Ku kira mu, ko ku aiko saƙon murya, ku faɗa mana inda kuke ganin ya dace.